Gadon Ƙarfen Inna

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma, Inna kuwa ta riga mu. An kai ta bayan azahar, kafin la'asar gidan ya cika ba masaka tsinke. Mata suka yi ta shigowa daga cikin Mai'adua da ƙauyukan gefe, wasu ma daga tsallaken iyaka aka kawo su a kan babura. Ni aka zaunar a ƙofar ɗakinta ina amsa gaisuwa, domin 'ya'ya biyu ta haifa, duka mata, kuma duka sun riga ta tafiya. Ni 'yar ƙanwarta ce. Ita ta riƙe ni tun mahaifiyata ta rasu ina 'yar mitsitsiya.

Wata tsohuwa da ban ma santa ba ta shigo tana kuka kamar uwarta ce ta mutu. Ta ce duk ranar kasuwa a gidan nan take sauke kayanta ta sha ruwa, ba a taɓa tambayarta ko ita 'yar wace ce ba. Maƙwabciyarmu ta ce daga yau an daina jin ƙamshin ƙuli-ƙuli a layin nan. Ina ta cewa, "Haƙuri da godiya, Allah ya ba da lada," har bakina ya bushe.

Can sai na tsinci wata murya a bayana, ƙasa-ƙasa, irin wadda ake yi don a ji.

"Ai gadonsu ne. Duk matan gidan da wannan ciwon suke tafiya."

Na waiwaya. Idon mai maganar yana kan ƙirjina, tana dubana kamar mai taya akuya a kasuwa. Na san bakin da ya fara furta wannan magana a garin nan, kuma a lokacin yana zaune a ƙofar gida kan tabarmar maza, cikin farar shadda, yana karɓar gaisuwa kamar shi aka yi wa rashi. Ƙanen mijin Inna ne, mu muna ce masa Baffa.

Tun ranar ya aiko wai yana son ganina. Na san abin da yake nema. Ni kaɗai ce a wurin Inna lokacin da ta yi maganarta ta ƙarshe a kansa, yana so ya ji daga bakina cewa ta yafe masa. Na ce a gaya masa sai ranar sadakar uku.

Amma kafin in zo kan Baffa, bari in faɗi wace ce Inna, don kada sunansa ya rufe nata.

Gajeriya ce, mai faɗin kafaɗa, hannunta kullum yana sheƙin man gyaɗa. Sana'arta ke nan tun tana amarya: ta soya gyaɗa, ta kai niƙa, ta matse mai, ta murza ƙuli-ƙuli. In tana matsa ba ta magana, in ta gama kuwa ba mai rufe mata baki. Ba ta iya rarrashi ba. Yaro in ya zo mata da kuka, sai ta cusa masa tunkuza a baki ta ce, "Tauna tukuna, in ka haɗiye ka ba ni labari." Kafin ya haɗiye ya manta wanda ya doke shi. Mijinta, wanda muke kira Baba, malamin allo ne mai sanyin hali, ba ya son hayaniya ko kaɗan. Inna takan ce da a ce ɓarawo zai shigo ya ɗauke tukunyar miya, Malam zai bi shi da ludayi don kada ya sha wahala.

Tsakaninta da Baffa akwai wasan nan na matar wa da ƙanen miji, kuma sun iya shi. In ya shigo zai ɗaga murya tun daga zaure, "Ina matar tawa? Ko an mutu ne ba a gaya mini ba?" Ita kuma ta amsa, "Shigo, mijin da bai taɓa sayen gishiri ba." Mu yara mu yi ta dariya.

A lokacin Baffa yana zaune a Kongolam, yana fataucin tsoffin ƙarafa. Motocinsa kan nausa arewa, can cikin hamada bayan Agadas, garuruwan da ake haƙar ma'adinin yuraniyom, su dawo da bututu da duro da faranta. Ƙarfe ne mai kauri da araha, ba ya jin tsatsa. Sai dai an fara raɗe-raɗi cewa leburorin da ke aiki a wuraren nan suna dawowa gida da ciwon da ba a gane kansa, har wasu suka soma ja da baya da kayan.

Ana cikin haka Baffa ya yi wa gidan yayansa kyauta. Ya sa mai walda a Daura ya haɗa gado da bututun nan, ƙato, ya shafa masa koren fenti, ya haɗo da duro na zuba ruwa. Inna ta yi guɗa a tsakar gida. Ta ce ashe mijin nata ya fara hankali. Sai daga baya muka gane mu ne tallarsa. Duk wanda ya yi masa zancen raɗe-raɗin, sai ya ce, "Je ka gidan Yaya ka gani da idonka. 'Ya'yansa a kai suke kwana."

A kai kuwa suka kwana. 'Ya'yan Inna biyu, Yaya Babba da Yaya Ƙarama, tun suna 'yan mata har girma. Ni an gwada sa ni a tsakiyarsu, amma ina da mugun barci, harbi nake kamar jaki, sai suka kore ni ƙasa kan tabarma. Na yi kukan wannan kora ba kaɗan ba. Duron kuma Inna ta kafa shi a bakin zaure, ta ɗaura masa moɗa da igiya, ta ce na matafiya ne. Ba ta taɓa barinsa ya ƙafe ba, ko da ruwan da za ta yi girki da shi ne ta juye.

Faɗa ɗaya na taɓa gani tsakaninta da Baffa a waɗannan shekarun. Zai aurar da 'yarsa ta fari, Inna ta rasa gudummawar da za ta kai wadda ta isa, sai ta ce za ta ba amarya gadon, tunda ba abin da ya same shi, fenti kawai yake so. Baffa yana shan fura ya dire ƙwaryar.

"Kada ƙarfen nan ya shiga ɗakin 'yata."

"To, ba kai ka kawo shi ba?"

"Na ce kada ya shiga! Ba na son a sake tayar da maganar."

Ya fice bai ko yi sallama ba. Inna ta riƙe haɓa ta ce, "Oh, arziki ya zo, kayan gidanmu sun zama abin ƙyama." Duk mun ɗauka girman kai ne. Baba ya sa baki, aka shirya.

Yaya Babba ce ta fara. Tana goyon ɗanta na biyu ta ji ƙullutu a nono. Aka ce daji ne, aka yi ta shafe-shafe da jiƙe-jiƙe, har abin ya fashe. Da ya gagara muka kai ta babban asibiti a Kano, ni da Inna. Likitan da ya duba ta ɗan kudu ne, mutumin kirki, yana ƙoƙarin yi mana Hausa iyakar iyawarsa. Ya tambayi tarihin dangi. Na gaya masa mahaifiyata da sankarar mama ta rasu, kakarmu ma ana zaton haka. Ya gyaɗa kai, ya dubi Inna.

"Mama, wannan ciwo gado ne."

Gadon iyaye yake nufi, amma harshensa bai ja kalmar ba. Ya guntule ta, ta fito sak gadon kwanciya.

Inna ta ce, "Gado?"

"E, Mama. Gado."

A mota na yi ta yi mata bayani cewa jini yake nufi, abin da ake ɗauka daga uwa da kaka. Ta ce, "Ke 'yar nan, da kunnena na ji. Mutum ya yi karatu har ya zama likita, ke za ki gyara masa magana?" Muna isa gida ko mayafi ba ta cire ba, ta kwance gadon nan ita kaɗai, ta ja shi ƙiii har kangon bayan gida ta jefar.

Garin nan ya samu abin dariya. Mata a wurin niƙa, in ɗaya ta ce kanta yana ciwo, sai a ce mata ta je ta jefar da gadonta. Ni kaina kunya ta ishe ni. Wanda ya fi kowa dariya shi ne Baffa. Ya zo har tsakar gida, ya fake da wasan da ke tsakaninsu, yana tafa hannu yana cewa, "Matata ta je Kano ta koyo sabuwar Hausa!" Daga nan ya ɗauki ɗaya ma'anar ya shiga gari da ita. A majalisa, a tasha, a wurin ɗaurin aure, ko'ina faɗi yake cewa likita da kansa ya tabbatar, jinin dangin matar Yaya ne ba shi da kyau.

Akwai alkawarin aure tsakanin ɗansa da Yaya Ƙarama, su suka ga juna suna so, har an sa rana. Bayan rasuwar Yaya Babba ya aiko aka ce an fasa, ba zai haɗa zuri'arsa da gadon ciwo ba. Daga ranar ba wanda ya sake tsayawa a ƙofar gidanmu da sunan neman aurenta. Ta zauna tana taya Inna murza ƙuli-ƙuli, tana ramewa. Muka ce baƙin ciki ne. Ashe sankarar jini ce. Ita ba ta daɗe tana jinya ba.

Ranar da aka kai ta, Inna ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Washegari na same ta ta hura wuta tana suyar gyaɗa. Na ce, "Inna, yau ma?" Ta ce, "In na zauna zan fara tambayar Allah abin da bai kamata ba."

Shekaru suka shuɗe. Baffa ya bar ƙarafa, ya koma Daura ya gina bene, ya je Makka ya sake komawa. Ni na yi aure can wajen garin Babban Mutum, inda labarinmu bai kai da ƙarfi ba. Sai wata rana ina gida ganin Inna, wasu ma'aikatan lafiya suka shigo gari tare da mai unguwa. Sun ce an gano cewa wasu tsoffin ƙarafan da suka fito daga wuraren haƙar nan suna ɗauke da dattin ma'adinin a cikinsu, yana fitar da wani irin zafi da ido ba ya gani, fata ba ta ji, amma yana ratsa jiki a hankali. Suna bi gida-gida da wata 'yar na'ura mai ƙara kamar gyare.

A zaurenmu, da aka kusantar da ita bakin duron, ƙararta ta ƙaru. Inna ta ce, "Ku biyo ni." Ta kai su kango. Gadon yana nan ciyawa ta rufe shi, fentin ya kaɗe. Matar da ke riƙe da na'urar ta miƙa ta wajen bakin bututun, sai abin ya ɓarke da ƙara babu tsayawa. Ta ja da baya, ta sa hannu ta janye ni.

Likita ce ita ma, Bahaushiya, ta zauna da mu a kan tabarma ta yi mana bayani dalla-dalla. Ta ce likitan Kano bai yi ƙarya ba. Akwai dangin da suke gadon rauni a jiki, in wani abu ya lalace a ciki ba ya gyaruwa da sauri kamar na sauran mutane. Irin waɗannan, abin da wani zai kwana kusa da shi ya tashi lafiya, su yana iya kayar da su. Ta ce ba za ta rantse cewa ƙarfen ne ya kashe su Yaya ba, tunda mahaifiyata ba ta taɓa kwana a kansa ba kuma ta tafi da ciwon. Amma in da za a nemi gidan da bai kamata ƙarfen nan ya shiga ba a duk garin, to namu ne. Ta ce ni ma in riƙa zuwa ana duba ni, kuma ina zuwa.

Na zaci Inna za ta ce, "Ba na gaya muku ba?" Ta cancanci ta faɗa, bayan dariyar da aka yi mata. Ba ta faɗa ba. Duron take kallo ana ɗora shi a mota.

"Na shayar da mutane," ta ce. "Masu ciki, masu goyo. Ni ina neman lada."

Wannan ya fi komai cin ranta har ta koma ga Allah.

Har zuwa lokacin muna cewa ƙaddara ce, Baffa ma bai sani ba. Uwargidansa ce ta zo jaje, baki ya suɓuce mata. Ta ce, "Wallahi shi ya sa Alhaji ya hana mu ko cokali na ƙarfen nan. Ya ce tun a can masu sayar masa suka gaya masa na binnewa ne, kada a sa shi inda mutum yake kwana." Tana rufe baki ta gane abin da ta yi. Inna ta dube ta, ta ce, "Sha ruwa, kin sha hanya."

Ba ta je ta yi masa tijara ba, ba ta kuma gaya wa Baba ba. Ta ce Malam ya tsufa, idonsa ya tafi, ƙanen nan shi kaɗai ya rage masa a ɗakinsu. Abin da ta yi shi ne ta kashe wasan. Da Baffa ya sake shigowa yana kiran, "Ina matar tawa?" sai ta fito da mayafi, ta durƙusa har ƙasa.

"Sannu da zuwa, Alhaji. Ina wuni? Ya iyali? Ya hanya?"

Ta gaishe shi tsaf kamar baƙon da ba ta taɓa gani ba. Na ga fuskarsa ta sauya. Ya yi ƙoƙarin dariya, ba ta fito ba. Haka ta ci gaba da yi masa duk zuwansa, ladabi kamar ruwan sanyi, har ya rage zuwa. Ban taɓa ganin zagin da ya kai wannan gaisuwar ba.

Nata ciwon a ƙashi ya kama ta. Na dawo gida na yi jinyarta. Mace mai ɗaga buhun gyaɗa ta koma sai an juya ta. Baffa ya yi ta aiko da kayan dubiya, lemo da madara da su bargo, tana sa a raba wa maƙwabta. Wata safiya ina shafa mata mai a ƙafa na tambaye ta, domin na san za a tambaye ni.

"Inna, in Baffa ya nemi yafiya fa?"

Ta buɗe ido ta dube ni.

"Ƙarfen, kwaɗayi ne, Allah ya san yadda zai yi da shi. Amma ya sa an yi wa 'yata kallon mai mugun jini har ta mutu ba miji, alhali ya san abin da ya ajiye mata a ɗaki. Da bakinsa ya ɓata mu a gaban mutane. In ya gyara da bakinsa a gaban mutane, na yafe. In bai yi ba, ina jiransa a can."

Ranar sadakar uku, an gama rabon gumba da waina, maza sun cika ƙofar gida ana jiran liman ya rufe da addu'a. Baffa ya shigo zaure ya sa aka kira ni. Ya tsufa shi ma, ga carbi a hannunsa.

"'Yata, ya ƙarin haƙuri? Ke kika yi jinyarta. Ba ta bar mini wata magana ba?"

Na gaya masa yadda ta faɗa, ban ƙara ba, ban rage ba.

Ya matso, ya rage murya. "Ke yarinya ce mai hankali. Ni na san na yi kuskure, ga shi na faɗa miki. Ai ya wadatar. Girmana fa? Surukaina suna waje."

"Ba ni ta ce ka gaya wa ba, Baffa. Ga mutane can."

"Ki rufa mini asiri, Allah ya rufa naki."

"Na Yaya Ƙarama wa ya rufa?"

Ya gyara hularsa ya fita, ya koma mazauninsa kusa da Baba kamar ba a yi komai ba. Na ji liman ya yi gyaran murya zai fara.

Mace ba ta magana a tabarmar maza, na sani, Inna ce ma ta koya mini. Amma na tsaya daga cikin zaure inda ba a ganina, na ɗaga murya na yi sallama. Na ce ina da saƙon mamaciya, amana ce, a yi mini haƙuri in sauke. Na faɗi komai: abin da aka gaya wa Baffa a wurin sayen ƙarfen, hana iyalinsa da ya yi, tallar da ya yi da 'ya'yan yayansa, da sharaɗin da Inna ta gindaya. Ban tsallake ko ɗaya ba.

Wani ya ce, "Subhanallahi, a bari a gama addu'a mana." Wani ya ce zafin rashi ne. Sai na ji muryar Baba, a hankali kamar kullum.

"Ƙanena. Ka sani?"

"Yaya, wannan ba wurin..."

"Tambayarka na yi. Lokacin da ka kawo, ka sani?"

Na leƙa ta gefen ƙofa. Baffa yana kallon ƙasa.

"Yaya, a lokacin kowa sayarwa yake yi."

Baba ya gyaɗa kai. Ya lalubi gefen tabarmar da hannunsa, ya kama, ya ja ta wajensa kaɗan.

"Tashi," ya ce. "Zaman makokin matata ake yi a nan."

Baffa ya duba dama, ya duba hagu. Ba wanda ya ɗaga kai, har surukan nasa. Ya miƙe, ya nufi motarsa, mutane suna janye ƙafafunsu suna ba shi hanya. Sai da ƙarar motar ta ɓace liman ya ɗaga hannu.

An ce mini na yi tsauri, wai ba a yi wa dattijo haka. Na ji. Har yau bai zo ya faɗi abin da aka ce ya faɗa ba, don haka har yau ba a yafe masa ba, ni kuma ba ni da hurumin yafe abin da ba nawa ba.

Allah ya jiƙan Inna, ya sanyaya makwancinta, ya haɗa ta da 'ya'yanta a inda babu ciwo. Baffa kuwa ba na yi masa fatan mutuwa. Allah ya ba shi tsawon rai da lafiyar kunne, ya daɗe a yankin nan yana jin yadda hira take mutuwa duk majalisar da ya yi sallama.